Shekarar da Yaya Mamman Ya Raba Maganinsa

Na san abin da ake faɗa muku game da shekarar da Yaya Mamman ya kwanta. An ce ni na tona asirin baƙon da ya ɓoye a gidansa, ni na sa baƙon ya gudu, kuma baƙin cikin wannan ne ya ƙarasa yayana. Na ji maganar daga bakin 'ya'yansa, na kuma ji ta daga bakinku, an ɗan sassauta ta don kada ta yi mini zafi. Ban taɓa musawa ba, domin akwai gaskiya a cikinta. Sai dai laifina ba a nan yake ba, kuma tunda ku, 'ya'yana, ku ne za ku ci gaba da zumunci da gidan Daudawa bayan ba ni, gara ku san inda yake.

Lokacin ban daɗe da dawowa gida ba. Na yi fiye da rabin rayuwata a waje. Na tuƙa babbar mota tsakanin Duwala da Njamena, na yi cinikin fata a Agadas, na zauna a Sudan, daga ƙarshe na yi shekaru ina tafinta a wani asibiti a Jidda, ina juya Hausa da Fulatanci da Faransanci zuwa Larabci don likita ya ji abin da ke damun mutum. A wannan aikin na gane wani hali da bai san iyakar ƙasa ba: mara lafiya yakan daina shan magani ranar da ya ji sauƙi, ba ranar da ya warke ba. Kowace ƙasa da dabarar da take yi wa wannan hali. A Duwala na ga masu tarin fuka suna jera layi kowace safiya su haɗiye ƙwaya a gaban ma'aikaci, ya leƙa bakinsu. A Jidda ƙirga ƙwayoyin da suka rage ake yi. A Sudan na san wani tsohon likita da yake sa mutum ya yi masa alkawari a gaban dattijon gidansu. Duk na ga an zagaye su. Wanda aka leƙa bakinsa ya ɓoye ƙwayar a kumatu, wanda ake ƙirga wa ya zubar a rami, mai alkawari kuwa ya daina zuwa gaba ɗaya don kunya. Na dawo gida ina ganin babu wata dabarar mara lafiya da ban sani ba.

Yaya Mamman ya girme ni da shekara bakwai, shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu. Manomi ne, auduga da masara da dawa, in ban da aikin Hajji bai taɓa wuce Zariya ba, kuma bai taɓa ganin ya rasa wani abu ba saboda haka. Duk yawon da na yi, in na shiga zaurensa ƙasa nake zama. Ban taɓa yi masa tambaya ɗaya sau biyu ba. Tunda na dawo akushi ɗaya muke ci in na je Daudawa, shi yake fara sa hannu, shi yake turo mini nama gefena ba tare da ya dube ni ba.

Bayan kaka tari ya kama shi. Ya sha saiwoyi, ya sha rubutu, ya sha maganin kemis, tarin bai tsaya ba, ga gumi yana jiƙa masa shimfiɗa, ga riga tana yi masa yawa. Da ƙyar na kai shi Faskari, inda ake duba masu tarin fuka a yankinmu. Aka gwada kakinsa aka ce shi ne. Ma'aikaciyar da ke kula da masu wannan ciwo wata matashiya ce, Malama Rabi, mai magana a hankali kamar tana ƙirga kalmominta. Ta ce magani kyauta ne, wata shida za a sha, kullum da safe kafin a ci komai, ba a tsallake rana. Ta ce a da da sai ya riƙa zuwa yana sha a gabanta, amma yanzu ba za ta ɗora wa kowa bin hanyar Faskari kullum ba, don duk mun san yadda hanyoyinmu suka zama tunda mutanen daji suka hana sakat. Saboda haka za a ba shi na wata guda, a naɗa wani a gida ya sa ido. Sannan ta buɗe aljihun tebur ta ɗauko katin.

Ɗan abu ne na roba mai haske, bai kai akwatin ashana faɗi ba, kaurinsa kamar na farce. In ka ɗaga shi a rana za ka ga wasu hanyoyi sirara a cikinsa kamar jijiyoyin ganyen kuka. A gefe ɗaya akwai ɗan rami inda ake ɗiga fitsari. Ɗigon da kansa yake bin hanyoyin, kamar yadda kananzir ke hawa lagwani, ya bi ta wasu ƙananan ɗakuna da aka ajiye sinadari a ciki, ya fito a wata 'yar taga a ɗaya gefen. In mutum ya sha maganinsa a ranar, tagar takan koma shuɗiya kafin ka gama alwala. In bai sha ba, fara za ta tsaya. Kowane kati na rana ɗaya ne. Aikina shi ne in ga ya haɗiye ƙwayoyin bayan asuba, da hantsi ya jiƙa katin, in ɗauki hotonsa da waya in aika mata. Na juya katin a hannuna na daɗe ina kallo. Duk asibitocin da na shiga a duniya ban ga wannan ba, sai ga shi a aljihun tebur a ƙasarmu. Na ce a raina, an zo ƙarshen ɓoye ƙwaya a kumatu.

Na kwashe kayana na koma Daudawa, aka ba ni ɗakin da ke jikin zaure. Matar Yaya, Indo, abokiyar wasana ce tun ranar da aka kawo ta gidan, ba ta kirana da suna sai Bature. Ita ta raɗa wa katin suna ɗan sanda. Da hantsi in ta ji motsina sai ta ɗaga murya daga cikin gida ta ce wa Yaya ya fito, ga Bature da ɗan sandansa sun iso. Mako na farko na yi yadda aka ce, ina tsugune a gabansa da kofin ruwa har ya haɗiye. Rana ta takwas ya karɓi kofin ya riƙe bai sha ba.

"Lawali, ni za ka tsare kamar ɗan kaso? Ba ga abinku nan mai faɗin gaskiya ba?"

Na tashi na fita. Na gaya wa kaina cewa ya yi gaskiya: tunda kati na nan, tsayuwata a kansa rashin kunya ce kawai marar amfani. Daga ranar sai ya riƙa shiga da maganinsa cikin gida. Da hantsi ya ɗauki buta, kati a aljihu, ya zagaya makewayi da ke can ƙarshen gidan kusa da tsohon ɗakin ajiyar auduga, ya dawo ya ajiye mini katin a kan wani fasasshen kasko a bakin zaure. Kullum shuɗi. In ɗauki hoto in aika, Malama Rabi ta amsa da madalla. Mako goma muka yi a haka.

A cikin makonnin nan akwai abubuwan da idona ya gani. Tarin ya ragu amma bai tafi ba. Wuyan rigarsa bai cika ba. Da muka koma karɓar magani aka ɗora shi a ma'auni, allurar ba ta matsa ba, muka ce tsufa ne da rashin son abinci. Na lura Indo tana dama fura fiye da ta mutum uku. Sau ɗaya ina zaune da Yaya a zaure na ji tari daga can ƙuryar gida, tari mai zurfi irin na ƙirji. Na dubi Yaya, ya dubi ƙofa. Indo ta leƙo ta ce tsohuwar tunkiyarta ce, ko a ƙasashen da na je tumaki ba sa tari? Na yi dariya. Ƙane ba ya wuce tsakar gidan wansa in ba a kira shi ba, ni ma ban wuce ba. Duk abin da ya ɗaure mini kai sai in buɗe waya in dubi jerin hotunan, shuɗi bayan shuɗi, hankalina ya kwanta. Ni da na yi shekaru ina gaya wa ƙananan likitoci su dubi fuskar mara lafiya kafin su dubi takarda.

Rasuwa ce ta tona abin. Ƙanwar mahaifiyarmu ta rasu a Mabai, ƙasar Kankara, ya zama dole mu je mu zauna har sadakar uku. Na ɗebi katuna na sa a aljihu. Safiya ta farko a Mabai, shuɗi. Safiya ta biyu na miƙa masa kati ya ce sai an jima, akwai mutane. Azahar ta yi na sake miƙawa. Ya zagaya ya dawo ya ajiye shi a bayan wata tukunya ya wuce. Tagar fara fat. Na bi shi na nuna masa, ya ce zafin aljihuna ne ya lalata shi. A nan na yi abin da ban taɓa yi ba tun ina yaro, na ciro wani katin na miƙa masa karo na biyu. Ya dube ni tsawon lokaci, ya karɓa. Shi ma fari ya dawo. Safiya ta uku, shuɗi. Da yake naɗe kayansa na ga kwalin maganin da ya zo da shi: na kwana biyu ne, alhali ya san kwana uku za mu yi. Mutumin da ya manta ba ya mantawa daidai haka.

Muka kamo hanyar gida. Muka isa Daudawa, muka yi la'asar, sai ya miƙe ya ce in taso. Ya wuce da ni ta tsakar gida, ta gaban Indo da ta sunkuyar da kai a kan turmi, har ɗakin auduga. Ya ɗaga asabari. A kan wata tabarma, tsakanin tsofaffin buhuna, wani mutum yana zaune ya jingina da bango, sandarsa ta kiwo a gefensa. Sai da ya yi murmushi na gane shi. Malam Buba ne.

Ku ba ku san shi sosai ba. Bafulatani ne, rugarsu tana wajen Sabuwa. Tun zamanin iyayenmu, in an gama girbi danginsa ke kawo shanu su sauka a gonarmu, shanu su ci kara su bar taki, mu ba su dawa su ba mu nono. Shi da Yaya sa'o'i ne, tare suka yi ƙuruciya a bakin gonar nan. Na gaishe shi da Fulatanci, ya amsa yana tari, ya ce har yanzu Fulatancina na kasuwar Kamaru ne, irin wanda mata ke ciniki da shi. Sannan a hankali ya ba ni labarin. Mutanen daji sun nemi ya ba su 'ya'yansa maza ya ƙi, suka kore shanunsa kaf, iyalinsa suka watse. Ya tako da ƙafa kwana da kwanaki, ciwon yana cinsa, bai san wata ƙofa da zai buga ba sai wannan. Gari kuwa a lokacin, in aka ga Bafulatanin da ya fito daga daji, ba a tsayawa tambayarsa wanda ya kore shi. Wanda ya saukar da shi ma sunansa ya zama mai kai wa ɓarayi rahoto. Ya iso kwana biyu kafin Yaya ya kore ni da kofin ruwana. Yaya ya saurari tarinsa ya gane irin nasa ne, ya kuma yi masa alkawari babu wanda zai ji yana gidan.

Tsarin da suka yi mai sauƙi ne. Yau Yaya ya sha, gobe Malam Buba. Wanda ya sha shi ke jiƙa katin.

"Ɗan sandanka bai taɓa yi maka ƙarya ba," in ji Yaya. "Kullum ana shan magani a gidan nan."

Na ce ai rabi-rabi ke nan.

"To mi kake so in yi? In haɗiye yana kallona? Tun Baba na da rai ba a taɓa ajiye ƙwarya a gidan nan wani ya ci wani ya kalla ba."

Na ga rabo iri-iri a yawona. Na ga direbobi a hamada suna raba ruwa da murfin jarka, na ga mutum biyar a Jidda suna kwana a katifa ɗaya bi da bi. Duk wannan rabon yana raya mutane. Wannan kaɗai na sani da ke kashe duka biyun, kuma babu yadda za a yi mutumin da ya tashi a kan raba komai ya hango haka da kansa. Ban yi masa maganar asibiti ba, na yi masa maganar gona. Na tuna masa faɗan da yake yi wa masu tsarma maganin feshin auduga da ruwa don ya kai gona biyu, yadda yake cewa tsutsa ba ta mutuwa, sabawa take yi, baɗi ko ka zuba mata shi tsura ba za ta ji ba. Na ce ƙwayar cutar nan haka take. Ya gane nan take, na gani a fuskarsa. Ya murza gemunsa. Na ce mafita ɗaya ce, a gaya wa Malama Rabi, a gwada Malam Buba a ba shi nasa, don ba a ba da maganin sai da gwaji da suna a rajista. Malam Buba ya ce da Fulatanci gara ya tashi ya tafi ya bar wa mai gida maganinsa. Yaya ba ya jin yaren sosai amma ya gane, ya ce babu inda za shi. Sannan ya juyo gare ni.

"Amana ce, Lawali. Ko da abin da ka faɗa gaskiya ne, ba za ka kai shi ko'ina ba. Na hana ka."

Kwana huɗu na yi ina ɗaukar hoton katin da na san ba shi da ma'ana ina aikawa. Na auna abin ta kowane gefe. In na yi shiru, su biyun za su tafi a hankali, babu wanda zai zargi kowa, a ce kwana ne ya ƙare. In na yi magana, wataƙila su rayu, wataƙila kuma maganar ta fita gari ta jawo abin da ya fi ciwon sauri. Ko ta yaya ta kaya, na san na rasa wurina a wajen Yaya. Rana ta biyar na ce za ni Faskari duba gidana, na wuce wurin Malama Rabi.

Ba ta yi faɗa ba. Ta buɗe wayarta tana bin hotunan ɗaya bayan ɗaya har na farko, ta ajiye.

"Baba Alhaji, ni ma na ga ma'auni bai motsa ba, na bi hoto. Kati yana sanin magani, ba ya sanin mai shi. Shi ya sa aka ce a tsaya a gani."

Ranar Juma'a ta zo Daudawa da kanta, cikin dogon hijabi, da 'yar leda ta goro kamar mai zuwa gaishe da Indo. A ƙarƙashin goron akwai robobi biyu na karɓar kaki. A rajista ta rubuta Malam Buba da sunan Abubakar, Daudawa, kuma ba ta yi ƙarya ba, don shi ne sunansa na yanka kuma a nan yake kwana. Yaya ya gaishe ta da mutunci, ya ba da kakinsa, bai dube ni ba. Da magariba aka fito da tuwo. Kwano biyu Indo ta ajiye, ɗaya a gabansa ɗaya a gabana, ta koma ba ta ce Bature ba. Daga ranar ba mu sake sa hannu a akushi ɗaya ba.

Sakamako ya fito ba yadda na zata ba. Cutar Malam Buba tana jin magani na yau da kullum, aka ba shi nasa da katunansa. Ta Yaya ce ta taurare. Na tambayi Malama Rabi ko rabon ne ya jawo, ta ce zai iya zama shi, zai iya zama da ma haka ya ɗauko ta, babu mai iya rantsewa. Ta ce abin da ta sani shi ne da an gano da wuri da an sauya masa magani da wuri. Aka tura shi wani babban asibiti mai nisa, daga baya ya dawo gida da wani magani mai yawa, mai wahalar da ciki, na dogon lokaci. Wannan karon ina tsugune a gabansa kowace safiya har ya haɗiye, bai kore ni ba, bai kuma yi mini magana ba in ban da amsa gaisuwa.

Yadda zancen ya fita gari, har yau ban sani ba. Ko mai mashin ɗin da ya kawo Malama Rabi ne, ko maƙwabta ne suka ji tari alhali mai gida yana asibiti, ko wani ya ga Indo da kwano tana nufar ɗakin auduga. Abin da na sani shi ne kafin wata ya cika an fara yin shiru in na iso wurin mai shayi, kuma mai unguwa ya zo gaisuwa ya zauna fiye da yadda gaisuwa ke buƙata, idonsa na kan ƙofar cikin gida. Ranar kasuwa, da rana tsaka, Malam Buba ya sa rigar Yaya da hularsa ya bi ta ƙofar baya ya shiga cikin 'yan kasuwa. Ya bar sandarsa. Ya tafi da maganin wata guda da katunansa. Ba shi da waya, babu wanda zai nuna wa, na ɗauka ya ɗebe su ne kawai don suna cikin leda ɗaya da ƙwayoyin. Wannan shi ne ɓangaren da aka faɗa muku, kuma haka ya faru. Da ban je Faskari ba, wataƙila da bai bar ɗakin ba a ranar.

Bayan mako uku ina kasuwar Sheme sai wata mai tallar nono ta tsaya a gefena ta yi mini magana da Fulatanci ba tare da ta dube ni ba. Ta tambaya ko ni ne mai Fulatancin kasuwar Kamaru. Ta sauke ƙwaryarta kamar za ta auna mini, ta ciro wani ƙullin tsumma daga ƙarƙashin faifai ta tura gefen ƙafata. A ciki katuna ne, an jera su an ɗaure da zaren kaba. Shuɗin ya dushe amma yana nan, a kowane ɗaya. Ta ce ita 'yar ɗan'uwan Malam Buba ce, yana wurinsu a wani gefen daji da ba za ta faɗa ba, ya ce a kai wa likita ta gani, magani ya kusa ƙarewa. Na kai wa Malama Rabi. Ta shimfiɗa su a tebur ta daɗe tana dubawa. Ta ce ta san kati ba ya sanin mai shi, mun koya, amma mutumin da ya riƙa jiƙa shi kullum a daji babu mai tsaye a kansa, ya ɗaure ya aiko, ba za ta yanke masa magani ba. Ta ba da na wata guda da sababbin katuna, ta ce a gaya wa matar ta tsaya ta ga ya haɗiye, kuma in akwai wani mai tari a rugar kada a raba, a aiko da kakinsa. Haka muka yi ta yi, wata bayan wata, ƙarƙashin faifan nono. Wani watan matar ta makara da mako guda saboda hanya ta rufe, amma da yake Malama Rabi takan ƙara 'yan kwanaki a kan kowane ƙulli, ba a samu rana fara ba. Ban gaya wa Yaya ba sai a wata na biyu. Ya saurara, ya ce to.

Shi kuwa jikinsa bai karɓi sabon maganin ba. Ciwon ya riga ya ci huhun, shekaru kuma sun yi nasu. Da damina ta yi nisa ya daina fita zaure, aka ce in riƙa shiga har ɗakinsa. A lokacin ne ƙulli na ƙarshe ya zo, tare da robar kaki da Malama Rabi ta nema da wata 'yar ƙwarya ta man shanu da aka ce ta mai gida ce. Babu saƙo gare ni, ban kuma sa rai ba. Aka gwada kakin, babu komai a ciki. Na roƙi Malama Rabi ta ara mini katunan watan ƙarshe, na kai su Daudawa. Yaya yana kwance, Indo tana yi masa fifita. Na gaya masa sakamakon. Ya ce in jera su a tabarma inda zai gani. Na jera, ya bi su da ido daga na farko har na ƙarshe, leɓensa yana motsi.

"To, ɗaya ya fita," ya ce.

Indo ta juya fuskarta wajen bango. Ya sa ta ɗebo man shanun ta zuba masa a kunu, ya sha cokali biyu, ya ture kofin. Na yi zaton shi ke nan, na fara tattara katunan. Sai ya ɗaga hannu ya tsayar da ni.

"Bar su tukuna. Ɗauki hoto ka aika ma yarinyar nan, Lawali. Aikinka ne."

Malama Rabi ce ta ba ni su da hannunta, ta riga ta gani. Na ɗauka na aika. Bayan kwana goma sha ɗaya ya rasu, ranar Talata da hantsi.

'Ya'yansa suna ganin zuwana Faskari ne laifin, kuma ba zan hana su ba, uba suka rasa. Amma ku in kuna ƙirga abin da na yi wa yayana, kada ku fara daga ranar da na saɓa masa. Ku fara daga rana ta takwas, ranar da ya riƙe kofi ya ce in fita, na fita.